A Maido Mini da Izinin Sa Alama a Kaburburan Gindin Kanya

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Maƙabartar Unguwarmu, Bauchi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne tsohon nan mai haƙar kabari. Ban yi boko ba. Maƙwabcina tela ne ke rubutawa, amma maganar tawa ce, na hana shi sassauta ko kalma ɗaya.

Na ɗaya. Da kuka kawo manhajar farko a waya, an ba ni izinin gyara taswirar maƙabarta. In na dangwala yatsa, wurin ya koma ja, wato akwai mai shi a kwance. Haka na bi kaburburan da ruwan sama ya shafe tudunsu, na sa musu alama daga abin da ke kaina.

Na biyu. Aka ce waccan ta tsufa, masu ita sun daina kula da ita. Sabuwar ta kasa mu gida uku: shugaba, magatakarda, mai haƙa. Mai haƙa ba ya gyara komai, sai dai a nuna masa inda zai sa diga. Alamomina kuwa ba su biyo cikin sabuwar ba, wai wanda ya sa su ba shi da matsayin sa su.

Na uku. Yanzu gindin kanya duk kore ne a waya, wai fili. Ranka ya daɗe, wallahi ba fili ba ne. Mutanen shekarar amai da gudawa ne a wurin, da hannuna na rufe su. Matata Hajara tana layi na biyu daga katanga. Jiya daidai nan aka turo ni in haƙa. Na ƙi. Na zauna a kai har aka kai gawar can gaba, dangin mamacin suna ce mini tsoho ya ruɗe. Magatakarda ya ce shi ma ba shi da ikon mayar da wurin ja, sai kai. Sau uku ina zuwa ƙofarka, ban samu ganinka ba. Ga shi ranar Asabar za a kawo sababbin masu haƙa, ba su san ƙasar ba, waya za su bi.

Ba muƙami nake roƙo ba. A buɗe mini izinin nan, ko na wuni ɗaya ne. In ba hali, don Allah ka zo da wayarka kafin Asabar, ina nunawa kana dannawa. Kabari ɗaya kawai zan iya zama a kai, Alhaji, su kuwa suna da yawa.

Allah ya ja kwananka, ya sa in taka ta zo a samu mai tuna inda aka kwantar da kai.

Wassalam.
Mai haƙa.