Kakanni Goma Sha Shida

Rabenstal, lokacin girbin inabi, 1684

Yaya Walburga,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ciwon gwiwar nan ya sake ki. Na san kin ji rasuwar maigidana Kaspar, tunda kin aiko da kyandir biyu, ke ba ki zo ba. Da yake ban haifa masa namiji ba, gida da gonaki sun koma hannun ƙanensa. Ko zaman makoki ba a tashi ba matarsa ta fara gwada labulenta a tagogina.

An ba ni ɗan gidan bakin rafi iya tsawon raina, kuma tarin da nake yi ya nuna ran ba mai tsawo ba ne. Ranar da aka binne ni za a fitar da 'yata Otili waje. Ke ce shugabar gidan ibadar 'ya'yan manya a Hohenrid. Ki ba ta ɗaki, Yaya. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Ƙanwarki,
Sidoni

Hohenrid

Zuwa ga ƙanwata Sidoni,

Bayan gaisuwa da ta'aziyya. Kin san dokar gidan nan: ba mai shiga sai na ɗora hannu a kan Littafi na rantse cewa kakannin kakanninta, su goma sha shida, duk masu jinin sarauta ne. Kakar Kaspar 'yar mai sayar da giya ce, kowa ya sani. Na gaya miki haka kafin aurenki, kika ce ni da ban san daɗin miji ba in ji da addu'ata.

Ina da shekara tara aka rufe ni a nan don ke ki samu a yi miki aure na fita kunya. Abin da aka bar mini ke nan, dokar nan da rantsuwata. Ba zan yi ƙarya da su ba. Amma ana neman mai wanki da gyaran gado. In tana so, ta zo.

Ubangiji ya ba ki lafiya.
Walburga, Shugaba

Rabenstal

Yaya,

Ina gaishe ki don dole. Wanki? Jikar mahaifinmu ce za ta wanke zanen gadon 'yan matan da ko rubuta sunansu ba su iya ba? Na tsane ki yau, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ba ni na kai ki can ba, shekarata shida a lokacin.

Na jefa takardarki a murhu, ashe Otili ta riga ta karanta. Na hana ta zuwa, na yi kuka har na tofar da jini. Ta goge mini baki, ta ce gara ta tafi ina raye, in san inda take. Ta ɗaure kayanta.

Ki zauna lafiya da rantsuwarki.
Sidoni

Hohenrid

Sidoni,

Ina gaisuwa. Otili ta iso, ta ƙofar madafa ta shigo. Aikinta ba abin kushewa. Durƙusa mini take yi tana cewa ranki ya daɗe, kamar sauran masu aiki, abin kuma yana ci mini rai. Jiya da ta kawo mini ruwan ɗumi na ce in muna mu biyu ta riƙa kirana Inna. Ta ajiye butar, ta ce, "Ranki ya daɗe, kakannina ba su kai ba."

Ki rubuto mata. Ni ba ta kallon fuskata.

Yayarki,
Walburga