Ƙarin da Ke Cikina

Litinin, 3 ga Maris
Likita ta ce ƙarin ya kai girman cikin wata biyar, sai dai a cire mahaifar gaba ɗaya. Hanya biyu ce. Ko a yanka ciki a fito da ita sukutum, ko a huda ƙananan ramuka a yi aikin da na'ura. Na huji ya fi saurin warkewa, amma sai an daddatsa ƙarin kafin ya fito. Da ta ce "daddatsa" na dafe marata.

Laraba, 5 ga Maris
Maigida ya ce, "Ki zaɓi na huji mana, ki huta da jinya." Gaskiyarsa. Ban gaya masa abin yana motsi ba. Ina taka keken ɗinki ya yi lamo, ina tsayawa ya juya, kamar mai son in ci gaba.

Asabar, 8 ga Maris
Wata tsohuwa a motar haya ta kalli cikina ta ce Allah ya raba lafiya. Na ce amin. Tun aurena nake jiran wani ya faɗa mini haka.

Talata, 11 ga Maris
Na tarar da 'yar riga a ƙarƙashin yadin da aka kawo ɗinki. Ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Ɗinkina ne, na san kalmasata. Yaushe na ɗinka?

Alhamis, 13 ga Maris
Na ce wa likita a yanka. Ta ce, "Hajiya, tsoka ce fa, ba ta motsi. Hanjinki ne." Na ce na sani, a dai fito da shi yadda yake. Ta ce da wannan girman, yankan ma ya fi mata kwanciyar hankali.

Juma'a, 21 ga Maris
An yi aikin jiya. Wurin ɗinkin kamar wuta. Yaya ta ce ina farfaɗowa na riƙe mata hannu, wai na tambaya mace ce ko namiji. Ban tuna ba. Tana faɗa tana kallon ƙasa.

Nas ta leƙo ta ce kafin a kai ƙarin gwaji, ko ina son gani? Duk don haka na sha yankan. Na ji bakina ya ce a'a, a tafi da shi.

Yunwa nake ji. Rabona da irinta har na manta.