Giɓin Gadar Rasim

Da sunan Allah. Ni Hikmet, tsohon mai gyaran kan jirgin ƙasa a Eskişehir, da hannuna nake rubutun nan, kuma hankalina garau yake, duk da 'yata Nermin tana cewa tsufa ya fara taɓa ni. Ranar Alhamis za a yi mini aikin zuciya. Likita ya ce in kwanta in huta. Ina hutu! Tun safe na tashi daga kujerar nan ya fi sau goma, shayi har kofi uku ya huce a gabana. 'Ya'yana Tayfun, Kenan, Nermin, ku karanta a ɗaki ɗaya, ban yarda wani ya karanta wa wani ta waya ba.

Na ɗaya. Gida da kayan cikinsa, ku raba cikin mutunci. Ba su suka hana ni zama ba.

Na biyu. Ƙungiyarmu ta ƙananan jiragen ƙasa, wadda kuka taso kuna kira wasan yaran Baba. Mu bakwai muka kafa ta, duk ma'aikatan jirgi, shekara arba'in da ɗaya ke nan, a ɗakin bayan shagon mai shayin unguwarmu. Kowa ya gina allonsa a gida, wani tasha, wani tsauni, wani gonar alkama, mu kawo mu haɗa baki da baki har dogo ya zagaye ɗakin. Dokarmu biyu ce: ba mai taɓa allon wani, kuma ba a ba kowa gurbin mutum muddin yana numfashi. Mahaifiyarku Saadet, Allah ya jiƙanta, takan ce, "Kun wuni cikin baƙin mai, ku dawo kuma ku yi jirgin ƙarya! Allah dai ya shirye ku." Amma ita ta yi mana itatuwan da soso. Biyar sun rasu, samari sun gaji gurbinsu. Makullin ɗakin na Kenan ne. Tayfun, na ji kana tambayar abin da masu tara irin kayan nan suke biya. Ko dunƙulen ciyawa ɗaya ban yarda a sayar ba.

Na uku. Baƙin kan jirgin nan mai lanƙwasasshen bututu na Nermin ne. Kada a miƙe bututun. Dalili yana tafe a na huɗu.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni sakat. Kun san giɓin da ke kusa da tashata, inda jirgi ke zuwa ya tsaya ya koma da baya. Gurbin Rasim ne, direban jirgi, abokina tun muna koyon aiki. Wata takwas ya yi yana ƙera gada ta tagulla. Ranar buɗe ta muka gayyato iyalai, ɗaki ya cika. Baƙin kan jirgin nan ya fito daga tashata, yana isa bakin gadar ya yi tuntuɓe, ya faɗo ƙasa tim, bututunsa ya lanƙwashe. Tsayin dogon nasa da nawa sun saɓa da milimita uku. A gaban matarsa da 'ya'yansa na ce, "Shekara ashirin da biyar kana tuƙi, awo ya gagare ka? Makaho ma ya fi ka!" Ya ce, "Hikmet, sau uku na auna." Na ce, "To da ka yi na huɗu." Ya kwance gadarsa ya tafi. Yau shekara goma sha tara.

Wata guda bayan haka na duba rulata ta katako, na ga bakinta ya cinye da milimita uku cif. Dogona ne ya yi ƙasa. Maimakon in je in ba shi haƙuri, sai na cusa kwali a ƙarƙashin allona, don duk wanda ya auna ya ga nawa daidai. Wallahi kunya nake ji ina rubutawa. Makon nan sau biyu na nufi gidansa, ina isa wajen mai burodi na juyo. Rago ne ubanku, ku sani.

Rular tana cikin aljihun keken ɗinkin mahaifiyarku. Ku kai masa, ku ce, "Baffa Rasim, Baba ya ce awonka daidai ne." In ya kore ku, ku tsaya, ya ce duk abin da zai ce, na cancanta. Kada ku jira Alhamis. Ya haura tamanin, ni kuma ga wuƙar likita.

Na biyar. In ya yarda, gadar ba ta ɗaukuwa ga mutum ɗaya. Tayfun ya kama gaba, Kenan ya kama baya. Na san tun rasuwar mahaifiyarku ba ku magana, kuma ban tambayi mai gaskiya ba. Matakalar gidansa matsattsiya ce, dole ɗaya ya ce wa ɗaya "sauke" ko "ɗaga". Ku fara daga nan.

In an haɗa, a ba Rasim usur, shi zai busa. Jirgin Nermin ya zagaye ɗakin ko sau ɗaya ne, ko ina nan ko ba na nan.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuriyarku, ya sa ku gama lafiya. Nermin, ki riƙa tara su a teburinki ko suna hararar juna. Ku yafe mini. Kada ku bar giɓi a tsakaninku don kuna ganin ƙarami ne. Nawa milimita uku ne, ya ci mini shekara goma sha tara.

Mahaifinku,
Hikmet