Jujin Bayan Gida Ya Tafi

Zuwa ga ƙanena Isa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Rabi da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Ni da sauƙi, sai ƙafar nan da ke hana ni masallaci.

Jujin da ke bayan gidanmu na Gwallaga, wanda muke ɗibar takinsa mu kai gona kowace bazara, babu shi. Wasu injiniyoyi sun kafa inji wajen Yelwa. Suna turara shara da karan dawa a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, iskar da ke fita ta tayar da janareta. Motarsu ta zo ta kwashe jujin kaf.

Na yi wa direban magana, ya ce, "Baba, wuta za ku samu, gawayin da ya rage ma taki ne." Ni ban taɓa ganin dawa ta tsiro a gawayi ba.

Hadari ya fara haɗuwa, gonar ba ta ci komai ba, ba ni kuma da wanda zan aika ruga neman kashin shanu.

Ka tambayar mini masanan can ko gawayi na ciyar da ƙasa. Ka taya ni addu'a, ka gaishe da kowa, ka ba ni amsa kafin ruwan shuka.

Yayanka,
Adamu