Ɗaki Mai Taya da Bangon Baffanku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni mahaifinku mai walda nake rubuta wannan da hannuna, hankalina ras, ba wanda ya tilasta ni. Jikin ne ya ƙi. Likita yana ta kwana-kwana, amma shekara arba'in ina duba ƙarfe, na san wanda tsatsa ta cinye ta ciki. Dogo, Malama, Auta, ku zauna wuri ɗaya ku karanta. Kada ɗaya ya karanta ya ba sauran labari, na san halinku.

Na ɗaya. Gida da abin da ke cikinsa Allah ya riga ya raba, ku kira malami ya bi muku ƙa'ida. Ban bar abin da za a yi rigima a kai ba, amfanin talauci ke nan kaɗai da na taɓa gani. Ina dai roƙo injin walda ya faɗa rabon Dogo, ko da yake waldarsa har yau kamar kashin kaza take.

Na biyu. Ƙaramar tirelar nan da ke tsakar gida, wadda kuke ce wa ɗaki mai taya, ta Ummanku ce, na ba ta tun ina da ƙafata. Ba a sayarwa, ba a zuba kaji. Kun san dalilin yin ta. Tun da ciwon baya ya kama Ummanku ba ta iya zaman mota fiye da awa biyu, sai ta kwanta. Yayarta da ta goye ta tana can nisan kwana uku, ido ya tafi, shekara tara rabonsu da juna. Jirgi ba namu ba ne, masauki ma haka. Sai na yi mata alkawarin zan ƙera ɗakin da mota za ta ja, duk inda bayan ya motsa mu tsaya ta miƙe, har mu isa.

Ban sayi sabon abu ko ɗaya ba sai ƙusa da fenti. Ƙarafan ƙasa na tsofaffin gadaje ne, tagogi daga wata matacciyar bas na ciro, rufin ragowar kwanon wani shago ne da aka rushe. Malama, kabad ɗinki da kika yi wata guda kina cigiya, shi ne a ciki, ki yafe mini. Shekara uku ina wannan aiki bayan na taso daga shago, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin wani aiki kamarsa ba.

Na uku, shi ne abin da ya sa na ɗauki biro. Tirelar nan ba za ta fita ta ƙofarmu ba.

Faɗin ƙofar gidanmu ƙafa shida ne cif. Na tsara aikina kan ƙafa biyar da rabi. Sai na ci karo da aksul, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyi, a wurin masu tsofaffin ƙarafa, da araha kamar kyauta. Arahar ta rufe mini ido. Tef ɗin awo yana aljihuna, amma ban ciro shi ba, wai ni idona ya fi tef. Ranar da na kawo shi, Baffanku ya shigo ta 'yar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu, ya dube shi, ya dubi ƙofar waje, ya ce a hankali in sake aunawa. A gaban Ummanku da maƙwabta biyu ya faɗa. Raina ya ɓaci. Na ce me mai sayar da katako ya sani a harkar ƙarfe, na gaya masa maganganun da ba zan iya rubutawa ba. Shi ƙanena ne, ya sunkuyar da kai ya fita. A satin nan na sayo bulo na toshe 'yar ƙofar, na kuma gina jikin ɗakin daidai da faɗin tayoyin don in nuna masa.

Da na gama, na jira wata rana da kuka kai Ummanku asibiti, na tura tirelar ni kaɗai da hantsi. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya cak. A lokacin na ciro tef. Ta fi ƙofar faɗi da inci huɗu. Na zauna a ƙasa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata, sannan na mayar da ita wurinta na shafe ƙarcen da fenti.

Shekara biyu ke nan. Duk abin da kuka ga ina yi tun daga ranar ƙarya ce. Fenti sau uku, sauya labule, cire kabad in mayar, wai birki bai zauna ba. Auta, ke kika riƙa tsokanata da cewa sai na sa mata bene zan huta, ni ma ina taya ki dariya. Ƙofarmu ba ta taɓuwa, bangonta shi ke ɗauke da ɗakin Ummanku. Yanke tirelar kuma sai an wargaza komai, da farko girman kai ya hana ni, daga baya ƙarfi ya ƙare. Hanya ɗaya ce tak: a fasa bangon tsakani, a bi ta filin Baffanku, a fita ta babbar ƙofarsa da motar katako ke shiga. Na san haka tun ranar. Taku goma ne tsakanina da shi, na kasa yin su.

Na huɗu. Bayan kwana uku da binne ni, ku je wurin Baffanku ku ukun, da rana tsaka, ta ƙofar gaba. Ku kai masa tef ɗina, yana aljihun rigar aikina, na bar masa. Ku ce masa ni yayansa na ce shi ne da gaskiya, kuma ina neman gafara. Dogo, kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka ce za ka kare ni. Kai ma ka daina gaishe shi don ka ga na daina, wannan laifin a wuyana yake, ka sauke mini shi. In ya yarda, shi zai fara sa guduma a bangon. In ya ƙi, haƙƙinsa ne, ku koma gobe, ku koma jibi.

Na biyar. Dogo, motarka za ta ja, amma ka bi a hankali, wannan ba tuƙin motar haya ba ne. Tayar hagu tana sace iska, ka duba kowace safiya. Kada kowa ya zauna a ciki mota na tafiya. Duk awa biyu ka tsaya, ko Ummanku ta ce ba komai, don ba ta taɓa faɗin gaskiya a kan ciwonta ba. Akwai ɗan matakala a ƙarƙashin gado, da ƙafar dama take fara hawa. Gadon na mutum biyu na yi. Auta, ke za ki kwanta a wurina, ta jikin bango, ki bar mata gefen taga.

Na shida. Ban gaya wa Ummanku ba. Sau da yawa na buɗe baki, sai in gan ta tana kallon tirelar ta tagar ɗakinta, in ce mata saura kaɗan. Ba ta taɓa tambayata yaushe ba, wannan ya fi zagi ciwo. Malama, ke za ki karanta mata takardar nan duka, kada ki tsallake na uku. Yayarta ta haura tamanin. Ni na cinye musu shekara biyu a kan inci huɗu, ku kada ku ƙara ko wata ɗaya.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku, ya raba ku da irin zuciyata. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku riƙe Baffanku. In bangon ya faɗi kada wanda ya sake ɗora bulo a wurin, ko bayan kun dawo.

Jakar tafiyar Ummanku tana kan kabad ɗinta, a ɗaure, tun ranar da na yi fentin farko. Ku sauko mata da ita.

Mahaifinku.