Inda Muka Bar Zulfa

Malé,
ranar Lahadi.

Zuwa ga Yaya Shiyam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fareesha da yaran. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sauƙaƙa muku sanyin Kanada, Ya sa albarka a aikinka. Mu nan alhamdu lillahi. Riyaz yana nan yana fama da gwiwarsa, kuma har yau ya ƙi zuwa asibiti, ka san halin surukin naka. 'Yarmu Leesha ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da cinye mini abin da na ajiye.

Na san za ka yi mamakin takarda alhali kullum muna waya. Mamma ce ta sa ni. Akwai saƙon da ta ce ba za ta iya faɗa maka tana kallon fuskarka ba. Ni ma ina da nawa, don duk makon da muka yi a Hirifaru ba ka ji komai daga bakinmu ba sai "lafiya lau", kai kuma ba ka tambayi komai ba sai ko abincin ya yi daɗi.

Da farko dai mun gode. Ba kowane ɗa ne zai kai uwarsa hutun mako guda a otal irin wannan ba, balle otal ɗin da aka gina a tsibirin da aka haife ta. Amma ni da kai mun san ba hutu ne ya kai ta ba. Tun da gwamnati ta kwashe mutanenmu daga can, ina ƙarama ban san komai ba, ba ta da magana sai ta Zulfa, yayarmu da zazzaɓi ya ɗauke tana shekara biyu, tun kafin a haife mu. Kullum cewa take Baba yana kwance cikin 'yan'uwansa, Zulfa ce aka bari ita kaɗai. Kuma ba ka manta ba, ranar jana'izar Baba ka riƙe hannunta ka yi mata alkawari cewa in lokacinta ya yi, duk ƙofar da za ka buga za ka buga, sai an kwantar da ita kusa da 'yarta. Da wannan alkawarin take rayuwa, Yaya. Ta tafi ne ta ga wurin, ta nuna mini shi, don kada mu yi kuskure daga baya.

Da muka sauka daga jirgin ruwa aka tare mu da ganga da ruwan kwakwa. Wani ma'aikaci ya rusuna ya ce mata barka da zuwa tsibirinsu. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, a tsibirin nan aka yanke min cibiya. To wa zai yi wa wani barka da zuwa?" Ni kuwa kunya ta ishe ni. Sai dai daga nan ba ta gane komai a tsibirin ba. Masu otal sun zubo yashi sun ƙara tsibirin ta yamma, teku kuma ya cinye shi ta gabas. Ba masallaci, ba rijiya, ba katangar gida ko ɗaya. Ta tsaya tana juyawa kamar wadda aka sauke a garin da ba ta taɓa zuwa ba.

Ɗakin da ka kama mana yana kan ruwa, sai an bi wata doguwar gadar katako ake isa. A tsakiyar ɗakin akwai gilashi a ƙasa, ana ganin kifaye suna wucewa. Wannan kam ya burge ta. Ta raɗa wa kifayen sunayen tsofaffin maƙwabtanmu, wani mai kumburarren baki ta ce Dhon Manik ne sak, har yanzu bai huce da rigimar iyakar gida ba. Duk abin da ka tsara mun yi. An kai mu kallon kunkurun teku, ta ce ita a zamaninta ba a biyan kowa don a ga kunkuru. An yi mata tausa, ta ce yarinyar da ta yi mata ba ta da ƙarfi, sai ka ce ba ta ci abinci ba. A wurin cin abinci kuwa, teburi ya kai tsawon layinmu, amma ta zagaye shi kaf ta dawo tana tambayar ina garudiya, wai mutum ya zo har Hirifaru a rasa romon kifi da shinkafa. Sai da aka dafa mata daban. Da yamma in ka kira, ta gyara mayafi ta yi maka dariya. Da ka kashe, ta ce mu tashi mu ci gaba da neman kabarin.

Haka muka yi ta yawo, ni da ita, muna bin bayan ɗakunan mutane, Turawa na kwance a rana suna kallonmu. Na tambayi ma'aikata, duk mutanen kirki ne, amma ba wanda ya san an taɓa zama a tsibirin. Ƙafarta ta kumbura. Raina ya ɓaci, ban ɓoye maka ba, har na ce mata ta haƙura haka nan, addu'a ai daga ko'ina tana isa. Da na san abin da ke gaba da na yi shiru.

Ana jibi za mu dawo, muna wucewa ta bakin gadar ɗakinmu, sai ta tsaya a gindin wata tsohuwar kwakwa da aka ɗaura wa lilo. Ta shafa jikinta, ta kira ni. Alamar Baba ce, Yaya, tsaga biyu da ɗaya a gicciye, irin wadda yake yi wa bishiyoyinsa don kada a haɗa da na wani. Ta dushe amma tana nan. Mamma ta ce wannan ita ce ta ƙarshe a bishiyoyinsa, daga ita sai katangar maƙabarta ta gabas. Muka juya gabas tare. Ba komai sai ruwa, da gadar da muke bi safe da yamma.

Ba laifin kowa ba ne, teku ne ya ci wurin, wataƙila tun kafin a kafa otal ɗin. Muka jira ruwa ya janye da hantsi, ta tattare zaninta ta shiga, ina riƙe da ita. A ƙarƙashin gadar, inda ruwa ya kai mata gwiwa, ta fara lalube da ƙafa, sannan ta sunkuya ta sa hannu. Duwatsun kabari ne, sun kwanta cikin yashi, gansakuka ta rufe su. Ta taɓa wani mai tsinin kai ta ce na namiji ne, ta wuce. Ta sami wani ƙarami mai zagayayyen kai irin na mata, ta daɗe tana shafa shi. Na tambaye ta ko shi ne. Ta ce, "Ina zan sani, Nasheeda? Ƙananan da aka binne a waccan shekarar suna da yawa." Sai ta ɗaga hannu ta yi musu addu'a su duka, tana kiran sunayen iyayensu mata ɗaya bayan ɗaya, mutane na wucewa ta samanmu da tawul a kafaɗa. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na yi kuka har na kasa cewa amin. Ita ko hawaye ba ta yi ba.

Daga ranar ba ta ƙara kallon gilashin ɗakin ba. Kuma ba ta ƙara taka gadar da takalmi ba. Katakon nan da rana ya fi ƙarfin tafin ƙafa, na roƙe ta, ta ce ta yi kwanaki tana taka kan 'yarta da takalmi ba ta sani ba, ya isa. Duk wucewa sai ta tsaya ta yi musu sallama. Ranar tafiya an kawo 'yar motar da ke ɗaukar baƙi, ta ƙi hawa, ta tako da ƙafarta har ƙarshen gadar, takalmanta a hannu.

Ga saƙon da ta ba ni, na rubuta shi yadda ta faɗa: "Ki ce wa yayanki na sauke masa alkawarin, kada ya wahalar da kansa. Ku sa ni duk inda kuka samu, in dai busasshiyar ƙasa ce da za ku iya zuwa ku tsaya."

Nawa saƙon kuma shi ne, tun da muka dawo Mamma ba ita ba ce. Likita ya duba ya ce bai ga wani sabon abu ba, amma ni da nake tare da ita na gani. Ko gurasar roshi ɗaya ba ta iya cinyewa da safe. Ta daina faɗa da Riyaz, ta daina gyara mini girki, kuma ba ta ƙara ambaton Zulfa ba. Da can in ta ishe ni da zancen nakan tashi in bar mata ɗakin, yanzu ni ce nake zama ina jira ta fara. Na san za ka ce a kai ta wani wuri ta sha iska. Don Allah kada ka ƙara kama mana ɗaki ko'ina. Ka nemi hutu ka zo da kanka, kada ka jira na ƙarshen shekara.

Ka gaishe mini da Fareesha da kyau, ka ce na ga hoton gyalen, ya yi mata kyau. Ka shafa mini kan Yoosuf da Imaan. Riyaz da Leesha suna gaishe ku, haka ma Goggo Sanfa. Mamma tana sa muku albarka. Na tambaye ta ko akwai abin da kake iya kawo mata daga can, ta ce ba ta son komai, ka dai zo.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Nasheeda