Kawu Ilu, Wanda Kalangu Bai Kira Ba

Assalamu alaikum, Kawu. Gaisuwa irin ta ladabi, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama.

Kaka goma sha ɗaya ka yi kana dambe, daga Jibiya zuwa Maraɗi, gwiwarka ba ta taɓa ƙasa ba. Amma ba a yi maka waƙa ba. Laifinka shi ne ba ka son jini. Kaucewa kake yi har abokin karawa ya gaji, ka taɓa shi sau ɗaya ya zauna, ka miƙa hannu ka tashe shi. Makaɗa suka ce ba a kiɗa wa mai tausayi. A Maraɗi kai ɗan Ingilishi ne, wato baƙo daga Najeriya, a gida kuwa mahauci kawai.

Ina tuna Inna, ƙanwarka, tana gasa maka hannun hagu da ruwan zafi, sawun zaren naɗi kwance a fatarka. Kakan ce mata, "Wanda ni kayar, gobe shi ka sayen nama wurina."

Shekarar da aka sa ni makaranta, wani saurayi ya zo daga tsallaken iyaka. Ba ya jiran kowa ya tashi. Ya same ka a kunne, aka kawo ka gida bisa jaki.

A nan ne sunanka ya shiga waƙa, Kawu: waƙar saurayin. Baiti guda aka ba ka, na yadda ka faɗi. Kunne ya mutu, magana ta karkace, wuƙa ta daina zama a hannunka. Yara suna rera baitin a bakin rumfarka, kai kuma kana yi musu murmushi, don ka ga bakinsu yana kiran sunanka. Damina biyu ka ƙara a duniya.

A jami'a wani malami ya kunna mana waƙar, ya ce taskar al'ada ce. Aji ya yi dariya daidai wurin faɗuwarka. Ban ce kawuna ba ne. Na rubuta jarrabawa a kanta, na ci sosai.

Wannan shirun ne ya sa na ɗauki alƙalami yau. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya tashe ka kamar yadda ka riƙa tashin waɗanda ka kayar.

Taka, ɗiyar ƙanwarka,
Hajara